Zomo da Zaren 'Yan Uku

An yi wani Zomo a bakin wata fadama, gidansa yana gindin wata tsohuwar tsamiya. Zomo ne mai kaifin ido da saurin gane abu. Kowa ya yarda da haka, amma babu wanda ya kai shi yarda. In ana hira aka ce abu kaza ya gagari mutane, kafin mai magana ya rufe baki zai ce, "Ai don ba a kira ni ba ne."

Matarsa Zomanya mai sanyin hali ce, ba ta son jayayya. A hayin fadamar kuma akwai Iya Hawainiya, tsohuwar ungozomar yankin. Tafiyarta akwai nawa, amma bakinta ba ya jiran kowa.

Da damina ta yi nisa, Zomanya ta sauka. 'Ya'ya uku reras, duka maza. Gashinsu iri ɗaya, kunnuwansu tsayi ɗaya, kowanne da ɗan farin ɗigo a tsakiyar goshi.

Da aka ba Zomo izinin shiga, ya tsuguna yana kallonsu, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. Can sai idonsa ya kai kan ƙafafunsu. Ya ga kowanne an ɗaura masa zare: ɗaya ja, ɗaya kore, ɗaya baƙi.

Ya ce, "Iya, wannan kuma na mene ne?"

Iya Hawainiya ta ce, "Na gane su ne. Mai ja shi ya fara zuwa, mai kore ya biyo shi, mai baƙi shi ne auta."

Zomo ya ce, "Gane su? A gidana? Iya, 'ya'yana ne fa, ba tumakin kasuwa ba da za a yi musu shaida."

Tsohuwa ta ce ya juya baya. Ta sassauya wa jariran wuri, ta ja zane ta rufe ƙafafunsu, sannan ta ce, "Juyo. Nuna min babban."

Zomo ya duba, ya ƙara dubawa. Bai ga wani bambanci ba ko kaɗan. Amma ya daure ya nuna na tsakiya. Aka yaye zane, sai ga jan zare.

Ya miƙe yana dariya ya ce, "Kin gani ko? Jini ba ya ɓuya!"

Iya Hawainiya ta juya ido ɗaya ta dube shi, ɗayan yana kan jarirai, ta ce, "Sa'a ce, ɗan nan. Kar ka ɗauke ta gwaninta."

Amma Zomo ya riga ya fita tsakar gida yana ba maƙwabta labari.

Ba a ƙafa kaɗai zaren ya tsaya ba. Nonon Zomanya bai wadaci uku ba, sai ana haɗa musu da madarar da maƙwabta suke aikowa. Saboda haka Iya Hawainiya ta ware wa kowanne ɗan ƙoƙonsa, da ɗan ludayinsa, da zanensa, da kwandon kwanciyarsa. Kowane abu ta ɗaura masa zare irin na mai shi.

Ta koya wa Zomanya cewa, "In kin shayar da ɗa, ki kife ƙoƙonsa. Wanda kika ga ƙoƙonsa a buɗe, shi ne bai sha ba. Kar ki bi kuka, 'yar nan. Wani yana kuka da cikinsa a cike, wani yana shiru da yunwa."

Zomanya ta ce, "To, Iya."

Ba a daɗe ba autan ya kamu da tari. Iya Hawainiya ta haɗo masa jiƙon saiwa a ɗan tulu, ta ce a riƙa ba shi ludayi ɗaya da hantsi. Ta ja kunne ƙwarai: maganin yana da ƙarfi, yana sa barci mai nauyi, ba a maimaita shi a yini, kuma ba a ba mai lafiya. Da aka jima ana ba shi, tarin ya lafa, har ba a jin sa.

Tsohuwa ta ce, "Kwanciya ya yi, bai tafi ba. A ci gaba har tulun ya ƙare."

Gidan ya zauna lafiya. Da safe a yi wa jarirai wanka, a shafa musu man kaɗe, a jera kwandunansu a inuwa. Mai jego ta yi wankanta da ruwan zafi da ganyen tsamiya, ta sha kunun kanwa. Zomo yana kai da kawowa, yana ɗebo itace, yana tarbar 'yan barka. Zaren ne kawai yake tsaya masa a rai duk lokacin da ya gan shi.

Ana gobe suna, abokinsa Kurege ya zo barka. Kurege ba ya ganin abin tsokana ya wuce. Ya leƙa kwanduna, ya ga zare a ƙafa, zare a ƙoƙo, zare a ludayi, sai ya fashe da dariya.

Ya ce, "Kai, aboki! Ashe duk kaifin idon nan da ake faɗa, sai da zare kake gane 'ya'yanka? Gobe in jama'a sun taru, ka ɗaura wa uwarsu ma, kar ka ɗauko matar wani."

Zomo ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Aikin mata ne. Ni ko a duhu na san kowanne."

Kurege ya tafi yana dariya, maganar kuwa ta zauna a ƙirjin Zomo kamar ya haɗiyi tsakuwa.

A ranar Zomanya ta tashi da zazzaɓi. Iya Hawainiya ta duba ta, ta ce gajiya ce, a bar ta ta yi barci a ɗaki ita kaɗai. Ita kuma Iya za ta koma gida ta kintsa kayan suna, tunda tafiyar tana cin ta lokaci.

Kafin ta fita ta ce wa Zomo, "Ga madara, ga ƙoƙuna, ga sauran maganin auta, ludayi ɗaya ya rage. Mai baƙin zare, ka ji ko? In ka shayar, ka kife."

Zomo ya ce, "Iya, ki sauka lafiya. Ba yau na fara riƙe gida ba."

Ta ce, "Yau ka fara riƙe uku."

Da ta ɓace a cikin ciyawa, Zomo ya zauna gaban kwanduna. Ya ƙura wa 'ya'yansa ido har ya ga kamar ya samo bambanci. Ya ce a ransa, babban kunnensa na hagu ya ɗan fi tsayi. Na biyu ɗigon goshinsa ya ɗan karkace. Autan kuma ya fi su ƙanƙanta. Shi ke nan, me ya rage?

Ya sa haƙori ya tsinke zaren ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya. Ya bi ƙoƙuna da ludaya da zannuwa da kwanduna, duk ya kwance. Ya dunƙule zaren ya jefa a murhu. Ya wanke ƙoƙunan tas ya jera su, ya ga sun yi kyau, babu wani tarkace a jikinsu.

Sai ya ce bari ya yi musu wanka, gobe jama'a su ga 'ya'yan Zomo fes. Ya zuba ruwan ɗumi a babbar ƙwarya, ya sa su duka uku a ciki.

Ruwa yana taɓa su gashinsu ya kwanta, kunnuwansu suka lanƙwashe, suka shiga mutsu-mutsu, wannan ya haye wancan, wancan ya kutsa ƙarƙashin wannan. Da ya tsamo su ya goge, ya jera a kan zane, sai ya nemi dogon kunne ya rasa. Ya nemi karkataccen ɗigo, ya ga duka ukun a karkace suke. Ya ɗaga wannan ya ɗaga wancan don ya ji mara nauyi, ya ji duk ɗaya.

Ya ce, "Ba komai. Ido ne ya gaji. Wannan na gefe shi ne auta, ga shi nan a fuskarsa."

Ya ɗauko tulu ya tsiyaye sauran maganin, ya ɗura wa na gefen. Jaririn ya yamutsa fuska, ya yi atishawa, ba a jima ba barci ya kwashe shi.

Sai ɗaya ya fara kuka. Zomo ya ɗauke shi ya ba shi madara, ya kwantar. Ya je ya iza wuta ya dawo, ya tarar da kuka. Ya duba ƙoƙuna, ya ga ya manta bai kife ko ɗaya ba, kuma ko da ya kife, ba zai san na wane ne ba. Ya ce, "To, kai ne ba ka sha ba," ya ɗauki mai kukan ya ba shi. Da rana ta ɗaga ta fara taɓa kwanduna, ya kwashe su ya mai da inuwa, jerin ya sake rikicewa. Aka sake kuka, ya sake bayarwa.

Bai sani ba, duk madarar nan ciki ɗaya take shiga.

Da rana ta karkata, ƙwaryar madara ta ƙare. Jariri ɗaya cikinsa ya yi tim kamar ganga, yana tsala ihu yana harba ƙafa. Biyu kuwa suna kwance shiru.

Da farko shirun ya yi wa Zomo daɗi. Daga baya ya fara ba shi tsoro. Ya taɓa wannan, bai motsa ba. Ya taɓa wancan, ya ɗan buɗe ido ya rufe. Ya tsaya yana tunani. In wanda ya ba magani shi ne auta, me ya kwantar da ɗayan? In kuwa ba shi ba ne, to ya ɗura wa mai lafiya magani mai ƙarfi, mara lafiya kuma ya yini babu magani, babu ko ɗigon madara.

Ya dubi ƙofar ɗakin matarsa, ya dubi murhu inda zaren ya zama toka. Ya so ya ƙara jira ko abin zai gyaru da kansa. Sai ihun mai ƙoshin ya tashi Zomanya.

Ta fito tana dafa bango. Idonta ya sauka kan ƙafafun 'ya'yanta, ta tsaya cak.

Ta ce, "Maigida, ina zaren?"

Ya ce, "Na cire. Ai na san su, kawai dai..."

Ta ce, "Wanne ne auta?"

Zomo ya dubi wannan ya dubi wancan, ya kasa nuna ko ɗaya.

Zomanya ta durƙusa ta ɗauki na farko cikin masu shirun, ta kara kunnenta a ƙirjinsa, ta daɗe tana saurare. Ta ajiye shi ta ɗauki ɗayan. Tana kara kunne ta ji wani siririn sauti yana fita tare da numfashinsa, jikinsa kuma zafi rau.

Ta ce, "Ga shi nan. Tarin ya dawo, ya sauka ƙirji. Ina maganin?"

Zomo ya nuna ɗayan da ke sharar barci. Muryarsa a ƙasa ya ce, "Yana cikin wancan."

Ta ce, "Je ka kira Iya. Kar ka tsaya jiran ƙafarta. Goyo ta za ka yi."

Zomo bai taɓa gudu irin na ranar ba. Ya keta fadama, taɓo har kunne. Ya tarar da Iya Hawainiya ko gida ba ta ƙarasa ba, tana ɗaga ƙafa ɗaya tana tunanin inda za ta ajiye ta. Ya zube gabanta ya faɗa mata komai, yana haki.

Ta ce, "Ka cire? Duka? Har na ƙoƙuna?"

Ya ce, "Iya, ki yi min faɗan a hanya. Hau bayana."

Ta sa shi ya tono mata saiwa a bakin rafi, ya tsinko ganye, sannan ta hau. Ta naɗe wutsiyarta a wuyansa, ta riƙe kunnuwansa biyu kamar linzami.

Hanyar da ta fi kusa ta bi ta gindin kukar da dabbobi suke zaman hira da yamma. Zomo ya so ya kauce, tsohuwa ta ja kunnensa ta ce, "Miƙe! Ɗanka yana jira, kai kana jin kunya?"

Suna isowa kowa ya miƙe yana kallo. Ga Zomo mai ji da kai, jiki duk taɓo, tsohuwa a bayansa tana sarrafa shi da kunne.

Kurege ya ce, "Iya, lafiya? Ina zuwa haka da sabon doki?"

Iya Hawainiya ta ɗaga murya yadda kowa zai ji ta ce, "Za ni in nuna wa Zomo 'ya'yansa! Kai kuma mai dogon baki, ka jira ni, zan dawo kanka."

Dariyar da ta tashi ta bi Zomo har ƙofar gida. Bai waiwaya ba.

Suka tarar Zomanya ta rungume autan tana ɗiga masa nono a baki. Iya Hawainiya ta sa aka tafasa ganyen, ta lulluɓe uwa da ɗa da zane don ya shaƙi tururin. Ta daka saiwar ta jiƙa, ta ba shi kaɗan. Mai barcin ta shafa masa ruwan sanyi a tafin ƙafa, ta ce a bar shi, zai farka da kansa. Mai ƙoshin ta kifa shi a cinyarta tana bubbuga bayansa, har ya amayo abin da ya fi ƙarfin cikinsa, ya yi ajiyar zuciya ya yi shiru.

Zomo yana rakuɓe a bakin ƙofa. In an ce kawo ruwa ya kawo, in an ce iza wuta ya iza.

Kafin rana ta faɗi numfashin autan ya daidaita, ya kama nono da kansa. Mai barcin ya farka da kukan yunwa. Zomanya ta share hawaye ta ce, "Alhamdu lillahi."

Iya Hawainiya ta zaro baƙin zare daga bakin zanenta ta ɗaura wa autan. Sannan ta zaro ja da kore, ta riƙe su, ta dubi sauran biyun. Ta daɗe tana kallo, ido ɗaya a kan wannan, ɗaya a kan wancan.

Zomo ya matso ya ce, "Iya, wanne ne babban?"

Ta ce, "Ni ma ban sani ba. Da ina iya ganewa da ido, me zai sa in ɓata zarena? Autan ciwonsa ne ya nuna shi. Waɗannan lafiyarsu ƙalau, ba abin da zai nuna su."

Zomanya ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ta shinshina, ta juya su, ta duba tafin ƙafa da bayan kunne. Kwanakin da suka wuce duk a gajiye ta yi su, da zaren ta dogara. Ta ajiye su a hankali ta girgiza kai.

Zomo ya rage murya ya ce, "To, mu ɗaura jan ga wannan kawai. Wa zai sani?"

Zomanya ta ɗago ta dube shi. Tun da suke tare ba ta taɓa musa masa ba. Ta ce, "Ni zan sani, Maigida. Ba zan raini 'ya'yana a kan ƙarya ba. In ɗora ƙane a kan wansa, su girma a haka, don kar a ce ka yi kuskure? A'a."

Iya Hawainiya ta mai da ja da kore bakin zanenta. Ta nemo fari da shuɗi ta ɗaura musu, don a san na wane ƙoƙo ne, ba don a san wa ya riga wani ba. Zomo da kansa ya zauna ya bi kayansu ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurawa, yana tambayar matarsa kafin kowane ƙulli.

Washegari jama'a suka cika gindin tsamiya. Malam Kunkuru, wanda yake raɗa suna a yankin, ya gyara zama. A al'adar gidan su Zomo, ɗan fari namiji shi ake sa wa sunan kakansa.

Malam Kunkuru ya ce, "To, a miƙo babban, mai sunan tsoho."

Zomo ya miƙe, kunnuwansa a ƙasa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ban san shi ba. An yi masa shaida, ni na cire da hannuna."

Babu wanda ya yi dariya, ko Kurege sunkuyar da kai ya yi. Malam Kunkuru ya ce ba zai ba ɗaya abin da watakila na ɗan'uwansa ne ba. Aka ajiye sunan kaka. Aka kira mai farin zare Nomau, mai shuɗi Anaruwa, tunda da damina suka zo. Na ukun kowa ya ci gaba da ce masa Auta.

Yara suka girma lafiya. Da suka yi wayo kamanninsu suka rabu: Nomau ya yi jiki, Anaruwa ya yi tsawo, har maƙwabta suna gane su daga nesa. Amma gardama ɗaya ba ta taɓa ƙarewa a gidan ba.

In an ajiye akushi, Nomau ya ce, "Janye hannunka, babba ne yake fara sawa."

Anaruwa ya ce, "Shi ya sa na fara."

In an aike su, kowanne ya ce ƙane ne yake ɗaukar kaya. In sun gaji da musu, su nufi ubansu tare su ce, "Baba, tsakani da Allah, wane ne babba?"

Zomo sai ya ɗauki fartanyarsa ya ce yana da sauran aiki a gona.

Auta kuwa, wanda shi kaɗai ya san matsayinsa a gidan, yakan ja akushin gabansa ya ci abinsa a natse kafin su dawo.

Darasin wannan labari shi ne, duk kaifin idonka da ƙarfin tunaninka, kada ka raina 'yar dabarar da aka yi don a kiyaye kuskure. Neman taimako ba gazawa ba ne, kuma wanda ya ce "ban gane ba" tun da wuri ya fi wanda ya yi shiru don kada a yi masa dariya. Musamman in an ba ka amanar waɗanda ba su da bakin faɗin sunansu ko abin da yake damunsu, ka ajiye girman kai, ka san kowanne da abin da yake nasa. Wani kuskuren ana gyara shi kafin rana ta faɗi, wani kuwa da shi za a zauna har tsufa.